Yadda Ake Horar da Shugabannin Ikilisiya Su Iya Nazarin Littafi Mai Tsarki

Da yawa daga cikin masu ɗauke da nauyin koyarwa a ikilisiya ba su taɓa zama a ajin makarantar tauhidi ba. Wani dattijo ne da fasto ya yi tafiya aka ce ya riƙe wa'azi. Wata shugabar zumuntar mata ce. Wani mai bishara ne da aka tura sabon wuri, ba abin da ke hannunsa sai Littafi Mai Tsarki da himma. Suna ƙaunar Ubangiji, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna masu yadda ake tunkarar nassi. Saboda haka sai su kwaikwayi wanda suka saba ji. In shi ya saba tsinko aya ɗaya ya ɗora mata abin da ke ransa, su ma haka za su yi, su kuma koya wa na bayansu.

Wannan jagora domin mai horarwa aka rubuta shi, ko fasto ne, ko malami, ko wani da aka ɗora wa wannan aiki. Burin horon ɗaya ne: ranar da ba ka nan, wanda ka horar ya buɗe nassin da bai taɓa jin an yi wa'azi a kai ba, ya san ta inda zai fara. In ka sallame su da littafin rubutu cike da fassararka kawai, za su dawo neman ƙari duk mako, domin ba su koyi aikin ba.

Mataki na farko: zaɓen mutane da tsara zama

Bulus ya riga ya ba Timoti ma'auni a 2 Timoti 2:2. Ya ce abin da Timoti ya ji daga gare shi ya danƙa wa amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa wasu. Abu biyu ke nan, aminci da iya miƙa wa na gaba. Bai ambaci iya magana ba. Sau da yawa wanda ya fi kowa zaƙin baki shi ya fi wuyar horarwa, domin jama'a sun riga sun saba yaba masa.

Kada ka tara mutum hamsin. Takwas zuwa goma sha biyu sun isa, yadda kowa zai buɗe baki a kowane zama. Ni na fi amincewa da zaman awa biyu kowane mako na tsawon wata shida a kan babban taron kwana uku. A taron kwana uku mutum yakan ji daɗi ya koma gida, hannunsa kuwa bai saba da aikin ba. Da koyo akan iya, koyo kuma yana bukatar a gwada, a kuskure, a dawo a gyara.

Kowa ya zo da Littafinsa, da littafin rubutu, da fensir. A samu aƙalla juyi biyu daban, wato fassarar Littafi iri biyu, a ɗakin. In akwai wanda karatu ke yi wa nauyi, kada ka cire shi. A karanta nassin da ƙarfi sau uku, sa'an nan a ce ya maimaita labarin da bakinsa. A Nehemiya 8 ma da kunne jama'a suka karɓi Shari'a: Ezra ya karanta, Lawiyawa suka bi suna bayyana ma'anar har mutane suka gane.

Mataki na biyu: su san abin da ke hannunsu

Wannan zama ɗaya ya ishe shi. Nuna masu cewa abin da suke riƙe da shi tarin littattafai ne: 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari, 66 ke nan, a wurin 'yan Katolika kuma 73. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da suke cikin Aramaik. Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi. Duk abin da muke karantawa a harshenmu juyi ne, shi ya sa kwatanta juyi biyu ke da amfani. Inda suka yi daidai, a ci gaba. Inda suka bambanta, a tsaya a duba.

Akwai abu ɗaya da yakan buɗe wa mutane ido a wannan zama. Marubutan ba su sa lambar sura ko ta aya ba. Rabon surorin da muke amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop a Ingila a ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Suna taimakawa wajen neman wuri, amma wani lokaci sukan yanke magana a tsakiya. Rana ta bakwai ta halitta tana Farawa 2:1-3, an raba ta da sauran kwanaki shida. Waƙar Bawan Ubangiji da kowa ke kira Ishaya 53 daga 52:13 ta fara. Da zarar mutum ya gane haka, sai ya daina ɗaukar kowace aya kamar ita kaɗai ta sauko.

Mataki na uku: lura

Nan ne aikin yake, nan kuma za ka fi daɗewa. Tambayar wannan mataki ita ce, me nassin ya ce? Tana da sauƙin faɗa, amma masu wa'azi sun fi kowa shan wuya a kanta, domin kafin su gama karanta aya wa'azi ya riga ya taso masu. Ka kafa doka tun farko: a wannan sashe ba wanda zai ce "wannan yana koya mana". Duk abin da mutum ya faɗa, sai ya nuna ayar da ya gan shi.

Fara da wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Aya 25 ce kacal, ana karanta ta cikin minti biyar. In da hali, ka rubuta ta a takarda ba tare da lambobin aya ba, su karɓe ta yadda Filimon ya karɓa. A karanta sau uku, sa'an nan kowa ya rubuta abu ashirin da ya gani. Za su ce ashirin ta yi yawa. Bar su da ita. Wa ya rubuta, yana ina, ga wa, wa kuma aka ambata? Wace kalma ce take ta dawowa? Ina umarni, ina roƙo, ina dalili?

Ga irin abin da zai fito in an yi haƙuri. Bulus bai kira kansa manzo ba a farkon wasiƙar, ɗaurarre ya kira kansa. Wasiƙar ba ga Filimon kaɗai take ba, har da Afiya, da Arkibus, da ikilisiyar da ke taruwa a gidan, wato a gaban jama'a za a karanta ta. Bulus ya ce yana da ikon ba da umarni, amma ya zaɓi roƙo. Sunan Unisimas, bawan Filimon da aka rubuta wasiƙar dominsa, bai fito ba sai a aya ta 10, bayan an gama gaisuwa da yabo.

Kusan kullum wani zai ce Unisimas ya saci kuɗin maigidansa ya gudu. Kada ka ce masa ya yi kuskure. Tambaye shi, "A wace aya ka gani?" Zai nema, ya iso aya ta 18, ya tarar Bulus cewa ya yi in ya yi maka wani laifi, ko kana binsa wani abu, ka ɗora a kaina. Akwai "in" a wurin. Mai yiwuwa ne ya gudu, masana da yawa ma haka suka fahimta, amma wannan abu ne da muka hango, nassin bai faɗa kai tsaye ba. Ranar da mutum ya iya bambanta abin da aka rubuta da abin da ya saba ji, ya ci rabin horon. Na ga dattijon da ya yi shekaru yana wa'azi ya yi shiru a kan wannan aya, sa'an nan ya ce a ba shi takardar ya tafi da ita gida.

Koya masu kuma su ja layi a ƙarƙashin ƙananan kalmomin da ke ɗaure magana: saboda haka, gama, amma, domin, in. Romawa 12 ta fara da "saboda haka", wato duk gargaɗin da ya biyo baya yana tsaye ne a kan surori goma sha ɗaya da suka gabata a kan jinƙan Allah. Wanda ya tsallake kalmar zai yi wa'azin dokoki, ya bar tushensu.

Ka yi mako uku ko huɗu a kan lura kaɗai. Bayan Filimon, a ɗauki Yunusa ko Rut, kowanne sura huɗu ne.

Mataki na huɗu: abin da ke gaba da abin da ke baya

Yanzu a shiga tambaya ta biyu: me wannan magana take nufi ga waɗanda suka fara jin ta? Hanyar da ta fi saurin koyar da wannan ita ce ka ɗauki ayar da kowa ya haddace, ka sa a karanta surar gaba ɗaya.

Ɗauki Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi domin mutanensa, shirin alheri. Tambaye su yadda aka saba amfani da ita, sa'an nan a karanta sura ta 28 da ta 29. Za su ga cewa wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila, a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Wani annabi, Hananiya, ya riga ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila. Irmiya kuwa ya rubuta masu su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, gama sai shekara saba'in ta cika. Yawancin manyan da suka ji wasiƙar a can za su mutu. Alkawarin gaskiya ne, amma an yi shi ne ga mutanen da aka ce su daina sa ran fita gobe. Wanda ya yi wa'azin aya ta 11 a matsayin tabbacin cewa matsala za ta ƙare bana, saƙon Hananiya ya ɗauka ya manna wa Irmiya. Ka ba su lokaci su ji nauyin wannan. Ka kuma taimake su su ga cewa ayar ba ta rasa daɗinta ba, ta ƙara ƙarfi ne, domin tana magana da wanda jiransa ya yi tsawo.

Haka Filibiyawa 4:13. Bulus yana kurkuku, ayoyi biyun da suka gabata kuma a kan ƙoshi da yunwa suke, da wadata da rashi. Abin da ya ce zai iya ta wurin mai ƙarfafa shi, shi ne zama da gamsuwa a kowane hali.

Ka koya masu su riƙa tambaya, wa ke magana? Littafin Ayuba cike yake da jawaban Elifaz da abokansa, masu daɗin ji, amma a 42:7 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Iblis ma ya jawo Zabura 91 sa'ad da yake gwada Yesu, a Matiyu 4. Kasancewar magana a cikin Littafi bai isa ba, sai an san bakin da ta fito da kuma abin da marubucin yake so mu yi da ita.

Mataki na biyar: irin rubutun

Ba wanda ke karanta waƙa yadda yake karanta takardar yarjejeniya. Mutanenka sun san wannan a rayuwa, aikinka ka nuna masu cewa haka yake a cikin Littafi.

Buɗe Karin Magana 26:4-5. Aya ta 4 ta ce kada a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, ta 5 ta ce a amsa masa. Bar su su yi ta muhawara. A ƙarshe wani zai ce ai ya danganta da hali, wannan kuwa ita ce amsar. Karin magana tana faɗin yadda abu yakan kasance, tana bukatar mai hikima ya san lokacinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aikin kiwo. Iyaye masu tsoron Allah da ɗansu ya kauce sukan sha azaba in an karanta masu 22:6, wadda ta ce yaron da aka goya a hanyar da ta dace ba zai rabu da ita ba ko da ya tsufa, kamar alkawari ne marar sharaɗi, domin sai su ɗauka lalle laifinsu ne.

Labari yana faɗin abin da ya faru, ba kullum yake cewa a yi koyi ba. Wa'adin Yefta, wanda ya kai shi ga miƙa 'yarsa, a Littafin Mahukunta 11 an ba da labarinsa ne, ba a umarce mu da shi ba.

Misalan Yesu su ne suka fi jan mutane zuwa ga ƙirƙirar ma'ana, wannan kuma tsohon hali ne. Agustin, babban malamin ikilisiya na Arewacin Afirka da ya rasu a 430, ya fassara misalin Basamariye da cewa mutumin da aka yi wa fashi Adamu ne, masaukin ikilisiya ce, mai masaukin kuma Manzo Bulus. Ina girmama Agustin ƙwarai, amma Luka 10 ta gaya mana abin da ya jawo misalin: wani masanin Attaura ya tambaya wane ne maƙwabcinsa, Yesu kuma ya rufe da cewa ya je ya yi haka. Koya masu su nemi tambayar da ta haifi misali, da yadda ya ƙare. A Luka 15, ayoyi biyu na farko sun nuna Farisiyawa suna gunaguni don Yesu yana ci tare da masu zunubi. Wanda ya ga wannan, in ya zo misalin ɓataccen ɗa da ke cikin surar, ba zai tsaya a kan ƙaramin ɗa ya manta da babban wansa da ya ƙi shiga gida ba.

Annabci da Wahayi ka ajiye su sai ƙarshen horon. Za su matsa maka a fara da su. Ka ce masu ana zuwa.

Mataki na shida: ma'ana a jimla ɗaya, sa'an nan a gwada ta

Bayan lura da duba mahalli, wato abin da ke gaba da abin da ke baya, kowa ya rubuta babban saƙon nassin a jimla ɗaya, da kalmominsa. A karanta su ɗaya bayan ɗaya, a auna kowace da nassin. In jimlar mutum za ta dace da kowace sura a Littafi, kamar "mu dogara ga Allah", ba ta kama wannan nassin ba tukuna.

Daga nan a gwada ta da sauran Littafi. Wurin da ke a sarari shi ke haskaka wurin da ke da wuya, kuma ba a gina koyarwa a kan aya ɗaya mai duhu. Bitrus kansa ya ce a wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar fahimta da marasa ilimi ke murɗawa, a 2 Bitrus 3:16. A kuma tambaya ina nassin ya tsaya a cikin dogon labarin ceto, tun da Yesu a hanyar Imuwasu ya bi ta Musa da annabawa yana nuna abin da ya shafe shi.

Sai a nan ne za a buɗe littafin sharhi, ko bayanan ƙasan shafi, ko abin da aka samo a intanet. Wanda ya fara da sharhi, da idon wani zai ga nassin. Wanda ya yi nasa aikin tukuna zai iya zama da mai sharhin kamar abokin shawara. In kuwa mutum ya fito da ma'anar da ba wanda ya taɓa gani a cikin shekara dubu biyu na ikilisiya, ka roƙe shi ya sake dubawa.

A daidai wannan wuri wani yakan ce, "Malam, ni Ruhu Mai Tsarki ne ke koya mini, ai harafi kisa yake yi." Kada ka raina wannan magana, sau da yawa daga zuciya mai tsoron Allah take fitowa. Ku buɗe 2 Korintiyawa 3 tare, zai ga Bulus yana kwatanta tsohon alkawari da sabo ne, ba ya hana nazari. Ku duba mutanen Biriya da aka yaba wa don suna bincika Nassi kowace rana, da Afolos, gwanin magana mai zafin ruhu, wanda Bilkisu da Akila suka ja gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Ruhun da ya hure marubutan ba zai ba mu ma'anar da ta saɓa wa abin da ya sa suka rubuta ba. Kowane zama kuma a buɗe shi da addu'a ta gaske, don su ga cewa nazari da dogara ga Ruhu tafiya ɗaya suke.

Mataki na bakwai: daga can zuwa nan

Tambaya ta ƙarshe ita ce, me wannan yake bukata daga gare mu? A fara da abin da muka yi tarayya da masu ji na farko, da abin da ya bambanta mu. Ba mu cikin bautar Babila, amma mun san jira, mun kuma san masu yi mana alkawarin gajeriyar hanya. Mai nazarin ya fara da kansa kafin jama'a: me zan tuba daga gare shi, me zan gaskata, wa zan je in nema? Ka ƙi karɓar amsa irin "mu ƙara ƙauna". A Filimon, ƙaunar tana da suna, tana da bashi, tana da ƙofar da za a buɗe wa wani.

Mataki na takwas: su yi a gabanka, sa'an nan su yi ba kai

Daga wata na uku, rage maganarka. Kowane mako mutum biyu su ɗauki minti goma-goma su koyar da ɗan gajeren nassi, sauran su amsa tambaya uku: mene ne babban saƙonsa, daga nassin ya fito, me aka ce mu yi? A fara da abin da ya yi kyau. In mai koyarwar dattijo ne da ya girme ka, gyaran da zai taɓa mutuncinsa ka kai masa shi a keɓe, cikin ladabi, da tambaya: "Baba, ko za mu sake duba aya ta 10 tare?" Kai ma ka koyar a gabansu, ka bari su auna ka da tambayoyin nan uku. In sun kama ka da tsallake mahalli, ka karɓa a fili, domin daga nan ne za su koyi cewa kowa a ƙarƙashin nassin yake.

Ka kai masu ziyara inda suke hidima, ka zauna a baya ka saurara. Abin da mutum ke yi a aji da abin da yake yi a bagade sukan bambanta, tsohon hali kuma yakan dawo da zarar an ga taro.

A wata na ƙarshe, kowa ya nemi mutum biyu ko uku a ikilisiyarsa ya bi da su ta Filimon, daidai yadda ka bi da shi, ya dawo ya ba da labarin inda suka tsaya da inda shi ya rasa amsa. Bayan an rufe horon, ku sa ranar haɗuwa sau ɗaya a wata, ku ɗauki Bisharar Markus daga farko har ƙarshen surorinta 16, ana karɓa-karɓa wajen jagorar zaman. Kai ka zo da fensirinka ka zauna cikinsu.